Kujera Ɗaya a Motar Gummi

Ni ne Nababa, mai rumfar babura a sabuwar tashar Anka, nan bakin gari inda hanyar Gummi ta miƙe. In ka taɓa shiga mota a nan ka san ni, in ma ba ka san ni ba ka ji muryata, don Allah bai yi ni da magana ƙasa-ƙasa ba. Aikina ba shi da wuyar faɗi. Mutanen ƙauye su zo a kan baburansu su ajiye a wurina, su shiga bas zuwa Gummi ko Bukkuyum ko Gusau, in sun dawo su ɗauki abinsu su koma gida. Fetur ya yi tsada, hanya kuma ta fi daɗin bi cikin jama'a, don haka yanzu ko mai taurin kai ya yarda ajiye babur ya fi masa.

Abin da ya bambanta rumfata da ta kowa shi ne layi. Ni ba na jibge babura kamar itacen sayarwa. Kowane gari da layinsa: ga na Rafin Gero, ga na Dogon Marke, ga na Tungar Dodo can gindin ginshiƙi na uku. Don sauƙin nema na fara haka, amma mutane suka mai da shi gidan rediyo. Mutum ya iso, kafin ya gaishe ni sai ya bi layin garinsu da ido ya ga wa da wa suka yi tafiya. Sai ka ji, "Wanga ba na Abdulwahabu ba na? To jiya ya ce muna ƙafa ta hana shi hita." An taɓa gane mai neman aure daga layin nan tun danginsa ba su ji ba. Ni dai babu ruwana, ba ni na ce mutum ya ɗaura jan ƙyalle a madubinsa ba.

Wata Laraba cikin damina, da hantsi, ina korar akuyar mai shayi da ta ƙware wajen cin robar kujera, sai na hango Abdulmajid na Tungar Dodo. Turo babur yake yi da hannu tun daga nesa, ya kashe inji. Abdulmajid ɗan Malam Lirwanu ne, malamin da ya karantar da rabin Tungar Dodo, kuma shi ne ɗansa na fari. Matashi ne mai natsuwa, manomi, ba ya cikin masu ba ni ciwon kai. Amma ran nan tsohuwar rigar gona ce a jikinsa, ta ƙasanta kuwa ga bakin sabuwar shadda yana leƙowa, ga ƙamshin turare ya riga shi isowa.

Na ce, "Mai ya ƙare?"

Ya ce, "A'a, Baba Nababa. Lahiya lau."

"To mi yas sa kaka turo shi kamar wanda yas sato?"

Ya waiga dama, ya waiga hagu, sannan ya ce in taimake shi kada in sa babur ɗin a layin Tungar Dodo.

Nan na gane komai, don labarin ya riga ya zo tasha. Matarsa Karima ta tafi goyon ciki gidan iyayenta a Gummi, kamar yadda kowace mai cikin fari take yi, kuma ranar Litinin ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace. To a wurinmu wanda aka yi wa haihuwar fari ba ya rawar jiki. Kunya ce. Ba ya tambaya, ba ya zuwa, in an yi masa barka ya dubi ƙasa kamar an kama shi da laifi. Manya ne ke zuwa barka, shi kuwa ya jira ranar suna, ran nan ma can gefe zai zauna. Kuma Malam Lirwanu ba mutumin da ake wasa da al'ada a gidansa ba ne. Shekara ashirin da takwas ba a taɓa jin sunan Abdulmajid a bakinsa ba, sai dai ya ce "wancan". Na ji ma an ce bayan sallar asuba ya faɗa a gaban mutane cewa ba wanda zai ruga Gummi daga gidansa kamar ba a taɓa haihuwa a duniya ba.

Na ce, "Abdulmajid, shekara goma sha biyu ban taɓa sa babur ɗin wani gari cikin layin wani ba. Ko Sarkin Noma na Rafin Gero ya roƙe ni na ƙi. Kai wa?"

Bai yi gardama ba. Waya ya ciro ya nuna mini hoton da ƙanwar Karima ta turo masa. Na kai ido, na ja baya, na sake kai ido. Zani ne kawai, sai gefen kunne ɗan mitsitsi, shi ma ya yi dishi-dishi.

Ya ce, "Kwana biyu ke nan ina kallon kunnen ga, Baba. Ban san kamarta ba."

Sannan ya sa hannu a aljihun shaddar ya fito da safa guda biyu, ruwan ɗorawa, waɗanda ko babban yatsana ba zai shiga ba. Wallahi sai na ji zuciyata ta yi laushi, haushin kaina kuma ya kama ni, don ni ba na son a gan ni da taushin zuciya a wurin aiki. Na fizge babur ɗin daga hannunsa na tura shi tsakiyar layin Dogon Marke. Don in ƙara kyautatawa, na ɗauko tabarmar sallata na lulluɓe shi.

Na ce, "To in ka isa Gummi, da wane ido za ka shiga gidan Alhaji Hudu? Surukinka shi ce maka mi ya kawo ka?"

"Ba ni shiga. Akwai shago daura da gidan. In tsaya nan in kira Karima, ta ɗago mani ita ta saman katanga."

"Mai jegon kwana biyu ta ɗaga jinjira saman katanga, gwaggonninta na zaune suna kallo? Kai da hankalinka?"

Shi ma ya san dabarar ba ta da ƙafa, amma ita kaɗai gare shi. Na ce ya je, Allah ya ba da sa'a, gani dai ya kori ji ko da ta saman katanga ne.

Motar da ke kan layi ran nan ta Auwalu ce, farar bas mai cin mutum goma sha takwas. Auwalu direba ne mai kyau, sai dai ko uwarsa ce a ciki ba ya tashi sai mota ta cika. Abdulmajid ya kutsa can kujerar baya ya maƙale a lungu. Kusa da shi Inna Hajara ce, mai kai daddawa Gummi, tsohuwar da ba a taɓa ɓoye mata komai ba a ƙasar Anka. Ta shaƙi turaren sau ɗaya ta dube shi sama da ƙasa.

Ta ce, "Ɗana, gona za ka?"

Ya ce, "I, Inna. Maganin ƙwari za ni saye."

"Allah sarki. Ƙwarin bana turare suka so."

Motar ta kwashe da dariya. Kafin a jima kowa a ciki ya san inda za shi da abin da zai kai shi, har wani mai kaji yana ba shi shawarar ya hau bishiya ya fi ganin tsakar gida sosai. Shi dai ya sunkuyar da kai yana murmushi. Fasinja suka yi ta shigowa ɗaya-ɗaya har ya rage kujera guda, ta bakin ƙofa. Auwalu ya fita bakin titi yana ta kiran, "Gummi mutum ɗaya, Gummi mutum ɗaya." Rabin awa ba wanda ya zo. Abdulmajid sai leƙen hanya yake yi, yana roƙon Allah ya kawo ko wane ne.

Addu'arsa kuwa ta karɓu. Na jiyo ƙarar wani babur daga hanyar ƙauye, irin mai tari sau biyu kafin ya ja numfashi. Yadda Bafillace ya san kukan saniyarsa haka na san injin kowa, kuma wannan tsohon babur ɗin Malam Lirwanu ne.

Na ruga gefen mota, ni da na daina gudu tun shekarar da aka zuba kwalta a hanyar nan, na buga tagar baya na ce, "Babanka."

Ban taɓa ganin fuska ta canza da sauri haka ba. Fita ba ta yiwuwa, mutum goma sha shida ne tsakaninsa da ƙofa, kuma ƙofar tana kallon rumfa. In Malam ya gan shi, ba zagi ba ne abin tsoro, don Malam ba ya zagi. Kallo ɗaya zai yi masa, yaron ya sauko da kansa ya koma gida, shi ke nan sai ranar suna. Inna Hajara ba ta tsaya shawara da kowa ba. Ta kama ƙeyarsa ta danna tsakanin gwiwoyinsa, ta yafa masa tsohon mayafi, ta ɗora kwandon daddawarta a gadon bayansa, ta dafa kwandon da hannu ɗaya tana jan carbi da ɗayan.

Malam Lirwanu ya iso, dogo, siriri, cikin farar riga. Ya sauka ya tura babur ɗinsa layin Tungar Dodo da kansa, don ya san ƙa'ida. Muka gaisa, na yi masa barka, ya amsa a taƙaice. Ya kwance wani ƙunshi a farin ƙyalle daga bayan babur. Ya ce ƙanensa ne ya kamata ya je barka Gummi, to zazzaɓi ya kwantar da shi, shi ya sa ya taso da kansa da ɗan dabino da zuma da rubutu na mai jego.

Auwalu, da bai san wainar da ake toyawa ba don yana bakin titi, ya taho yana washe baki. "Malam, kai muka jira. Kujera ɗaya ta rage."

Malam ya nufi mota, ina biye da shi ina karanta duk abin da na haddace. Sai ya tsaya cik a gaban layin Dogon Marke.

"Nababa, tun yaushe kaka lulluɓe babura?"

Sai a lokacin na dubi rumfata da idon baƙo. Babura sun fi sittin a tsaye tsirara, guda ɗaya tal ne da tabarma, kamar amarya a tsakiyar kasuwa. Da na bar shi haka nan, wa zai kula da jan babur cikin jajayen babura? Na yi gudun gara na faɗa gidan zago, kuma da hannuna. Ga shi tabarmar ba ta kai ƙasa ba, tayar baya a waje take, da jar lakar fadamar Tungar Dodo a jikinta, da wayar da aka ɗaure marfin sarƙa da ita.

Na ce, "Na wani mutumin Dogon Marke na, Malam. Ba shi son rana ta taɓa mashi kujera."

Malam ya ɗaga kai ya dubi kwanon rumfa da ya rufe mu ruf, ya dubi hadarin da ya tare rana tun safe, sannan ya mai da ido kan tayar. Ya daɗe yana kallonta.

"Mutumin Dogon Marke," in ji shi.

"I, Malam."

"Allah shi kiyaye mashi kujeratai."

Na ce amin. Ƙarya ga malami da hantsi, kuma ƙaryar ma ba mai kyau ba.

Ya ƙarasa bakin mota ya yi sallama. Aka amsa masa baki ɗaya, sannan kowa ya yi tsit. To duk wanda ya san motar kasuwa ya san ba ta yin shiru sai da dalili. Mai kaji ya ƙura wa kajinsa ido. Wata mata ta shiga gyara ɗaurin ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Malam ya ɗora ƙafa ɗaya a kan matakala, ya bi kujerun da kallo har zuwa baya. Can lungu ga kwandon daddawa yana hawa yana sauka a hankali.

Inna Hajara ta ce, "Kayana na, Malam."

Ya ce, "Na gani, Hajara. Allah shi sa albarka. Kaya masu rai."

Wani ya yi tari don ya danne dariya. Ni kuwa ba dariya a raina, tausayin yaron nake ji, na riga na ga ya sauko yana kakkaɓe mayafi a gaban mutane. Malam ya tsaya haka, ƙafa ɗaya a mota ɗaya a ƙasa, har Auwalu ya fara wasa da makulli. Sannan ya sauke ƙafarsa.

"Auwalu, gwiwar ga tawa ba ta kai ni Gummi yau. Ramukkan hanyar Daki Takwas sun fi ƙarfinta."

Auwalu ya ɓata fuska, don yana ganin zai koma bakin titi neman mutum ɗaya. Malam ya ɗaga masa hannu. Ya ajiye ƙunshin a kan kujerar da ta rage, ya gyara masa zama, ya biya kuɗin kujerar kamar na mutum. Sai ya juya wa motar baya, ya fuskanci rumfar babura, ya yi magana da ƙarfi yadda har na lungu zai ji.

"Ga saƙo nan za shi gidan Alhaji Hudu, bayan masallacin Juma'a. In akwai wani mutumin Tungar Dodo cikin motar ga, ko wa a shi, na aike shi. Shi shiga ta ƙofa, shi yi sallama, shi ce Malam Lirwanu ya aiko shi da barka. Shi ba da saƙo hannu da hannu." Ya ɗan tsaya. "Kuma shi ce a miƙo mashi jinjirar shi ɗauka. Shi dube ta da kyau, don in ya komo ina son shi hwaɗa mani da wa ta yi kama. Kada shi yi gaugawa."

Kwandon daddawa ya daina motsi gaba ɗaya.

Inna Hajara ce ta amsa. "Za a samu mai kaiwa, Malam."

Auwalu ya rufe ƙofa ya ta da mota. Ba su kai bakin kwalta ba na ji dariya ta fashe a ciki, har da guɗa, na san Inna Hajara ce. Ta gilashin baya na hango kai ya ɗago, mayafi yana zamewa, yana waigen tasha. Malam bai juya ba sai da ƙarar motar ta ɓace.

Ya ce, "Ɗauke tabarmarka, Nababa, lokacin salla na tahe. Ka mai da babur ɗin ga cikin 'yan'uwanai. Ɗan aike ba ɓarawo ba na."

Na yi yadda ya ce, ina jiran faɗan ƙaryar da na yi masa. Bai ta da maganar ba. Na ɗauka zai hau babur ya koma, sai na ga ya zauna a kan bencina ya miƙe ƙafar da ya ce tana ciwo, wadda na ga ya taka lafiya lau. Na yi wa mai shayi alama da hannu ya kawo mana kofi biyu. Muka sha muna kallon hanya.

Ni bakina ba ya iya zama. Na ce, "Malam, ashe kai ma ka iya."

Ya yi ɗan murmushi, abin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya juya kofin a hannunsa.

"Sadda anka haifi wancan, uwatai na Bukkuyum wurin iyayenta. Lokacin ba babur, ba mota sai ranar kasuwa. Na ce ma babana za ni duba gona. Da ƙafa nit tahi, Nababa, cikin ruwa, na ƙetare gulbi har wuya. Na isa bayan dangar gidan na tsaya. Ina jin kukanai, ga shi nan kusa, kamar daga nan zuwa ginshiƙin can. Na tsaya har ƙafata ta yi sanyi, na juyo gida."

"Ba ka gan shi ba?"

"Ni ba wanda ya aike ni."

Tausayinsa ya kama ni fiye da na ɗan. Na tashi na shiga gyara baburan da ba su buƙatar gyara, don kada ya ga idona.

Da na dawo ya tambaye ni yaushe Auwalu yake komowa daga Gummi. Na ce sai bayan la'asar, in ya samu fasinja da wuri. Na ce masa ya je gida ya huta, ɗalibai na jiransa, in yaron ya iso ai gida zai nufa.

Malam ya cire takalmansa ya tura su ƙarƙashin benci, ya gyara zama.

"Bari dai in jira," in ji shi. "Tungar Dodo da nisa. Nan zan fi saurin ji."